Sandar walda tana manne mini a jikin ƙarfe, wa ya taɓa shan wannan?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manya. Wata biyu ke nan da na fara koyon walda. Injina ƙaramin inbata ne, an rubuta amfiya 200 a jikinsa, sandar kuma 6013 ce mai kaurin milimita 3.2. Da na taɓa ƙarfe sai ta manne, in yi ta ja har ta yi jajir, rufinta ya farfashe. Jiya kaɗai guda bakwai na lalata. Injin ne ko hannuna ne?

Tsohon Maƙeri: Wa alaikumus salam ƙanena. Nawa ka sa wutar? Ina zargin tsoron huda ƙarfe ya sa ka rage ta. Ni ma haka na yi ina yaro, har maigidana ya gaji da kallona ya zo ya murɗa ta sama bai ce uffan ba. Sanda mai 3.2 tana son amfiya 90 zuwa 130, mai 2.5 kuwa 60 zuwa 90 ta ishe ta. Sannan kada ka caka ta a tsaye. Ƙyasta ta kamar ashana, da wuta ta kama ka ɗaga kaɗan, tazarar kamar kaurin ƙarfen da ke cikin sandar. In ta manne kuma kada ka tsaya kokawa, karkata hannu ta ɓalle, in ta ƙi ka sake ta daga mariƙin.

Mai Ƙofofi: Gaskiyar Baba ce, amma ka duba wayar at ɗinka tukuna, wato wayar injin da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai. Kwana uku na yi ina zagin inji a kan wata ƙofa, wuta ta kama ta mutu, ta kama ta mutu, har na ƙudura mayar da shi wurin mai gyara. Ashe a kan fenti na maƙala at ɗin. Na goge wuri kamar faɗin babban yatsa har ƙarfen ya yi ƙyalli, na maƙala a nan kusa da inda nake aiki, shi ke nan. Kunyar da na ji gaban yarana ba ta faɗuwa.

Mai Gyaran Tirela: Ni danshi ne ya koya mini hankali. Na buɗe kwalin sanda 7018 na bar shi a ƙasa kusan sati biyu. Da na yi walda na kankare ɓawon, sai ga ƙananan ramuka birjik kamar an tsattsaga da allura. Dole na goge duka na sake. Ita 7018 rufinta yana shan danshi, shi ya sa ake ajiye ta a tanda mai zafin kusan digiri 120 na Selsiyas. Tana da wani hali kuma: in ka tsaya, bakinta yana yin wani ɓawo kamar gilashi, ba za ta sake kamawa ba sai ka fasa shi. Lambobin nan ma ba ado ba ne. Biyun farko ƙarfin waldar ne, 60 na nufin fam 60,000 a kowane inci murabba'i, 70 kuma 70,000. Na uku in 1 ne, tana yi a kwance, a tsaye, har saman kai. Na ƙarshe irin rufin ne da wutar da take so. Kai da kake koyo, zauna kan 6013 ɗinka, ita ce mai haƙuri.

Ɗan Inbata: Kuma 200 ɗin nan kada ta ruɗe ka. Duba allon bayan injin, akwai kaso da aka rubuta. In 60 ne, minti shida za ka yi a wutar da aka rubuta tare da kason cikin kowane goma, sauran huɗun hutu ne. Nawa yanke wuta ya riƙa yi, na ɗauka ya lalace, ashe zafi ya ɗauka.

Tsohon Maƙeri: Na manta. Mai fama da mannewa yakan ɗaga gilashin kare ido don ya ga inda zai ƙyasta. Kul! Na taɓa yi, da rana lafiya lau, tsakar dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye har asuba. Gilashi mai lamba 10 ko 11, kuma ka rufe fuska kafin sanda ta taɓa ƙarfe.

Sabon Hannu: Allah ya saka da alheri. Na duba, wutar tana kan 65, at ɗin kuma a ƙafar teburi mai fenti. Na gyara duka biyun, na kai ta 130, yanzu ba ta mannewa. Sai dai gefen waldar yana yin kwari kamar an ƙwaƙule, tartsatsi kuma ya yi yawa.

Mai Ƙofofi: To yanzu kuma ka zarce. Sauko da ita 105, rage tazarar, ka daina gudu da hannu. Yi layi uku a kan guntun ƙarfe ka turo hoto mu gani.