Masu saƙar kwarashi ku taimaka min, abin wuya na sanyi nake son yi

'Yar Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya sanyi. Dan Allah masu saƙa a cikinmu taimako nake nema. Ban daɗe da fara koyon kwarashi ba, sarƙa na iya, wato jerin madaukan da ake fara saƙa da su, sai ɗan singil ɗin nan, saƙa mafi sauƙi da ake ɗorawa a kan sarƙar, shi ma hannuna bai gama faɗawa ba. To ga hunturu ya kankama, maigidana kuma kullum da sassafe yake fita a babur, in ya naɗa mayafi a wuya sai iska ta warware shi, ni kuma tsoron bakin mayafin nan nake kar ya shiga taya. Shi ne na ga wani abin wuya a YouTube wanda ba shi da baki, zagayayye ne kawai a zura ta kai ya zauna. Na gwada, na yi sarƙa na haɗa bakin, ina layi na uku sai na ga abu ya murɗe, kuma ko kan yarona bai shiga ba balle na babansa. Sarƙa nawa ake yi ne? Wane zare ya fi, kuma kwarashi lamba nawa? Na gode.

Anti Mai Kwarashi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki warware wannan ɗin, in ya murɗe tun daga sarƙa to ba ya gyaruwa, ko layi ɗari kika ɗora a haka zai tafi. Kuma ki bar maganar zagaye tukunna, duk wadda ta zo koyo wurina ba na barinta ta fara da shi. A miƙe za ki saƙa kamar ƙyalle, in ya kai tsawo ki haɗa baki biyun ki ɗinke, shikenan an gama, wanda ya gani ma ba zai gane ba.

Maganar sarƙa nawa kuma babu wanda zai ba ki lamba ta yi miki daidai, don hannun kowa daban, zare ma daban. Tef ɗin tela za ki nema. Ki yi sarƙa har ta kai kamar santimita 22 zuwa 25, wannan shi ne tsayin abin daga kafaɗa zuwa haɓa, ki ga ashe gajeriyar sarƙa ce ba doguwar nan da ta wahalar da ke ba. Sai ki yi ta layi kina juyawa kina dawowa, yana tsawo. Ki auna kan maigidan naki ba wuyansa ba, tunda ta kai zai wuce, yawanci kan babba santimita 55 zuwa 58 ne, to in saƙar ta kai wajen 55 ki ɗan ja ta ki zagaya masa a kai ki gani, in ta haɗu ba tare da ya yamutsa fuska ba ta yi.

Ki koyi haf dobul, ba wuya tunda kin iya singil: ki naɗa zare a kwarashi sau ɗaya kafin ki soka, ki jawo, za ki ga madauki uku a kan kwarashin, ki sake naɗawa ki zare ta cikinsu duka lokaci guda. Ƙarshen layi sarƙa 2 sai ki juya. Amma ga inda daɗin yake, in kin kalli saman layin za ki ga kowane ido, wato inda ake soka kwarashi, zare biyu ne kwance, na gabanki da na baya, to na bayan kaɗai za ki riƙa ɗauka ki bar na gaban. Da kin yi layi huɗu biyar za ki ga tudu da kwari sun fito kamar bakin hannun rigar sanyi, kuma yana buɗewa ya koma da kansa, shi ya sa zai shiga kai kuma ya kama wuya iska ba ta samu hanya ba. Da singil zalla kam tauri zai yi miki.

Zare kuwa ulun nan na kasuwa ya wadatar, in siriri ne ki haɗa biyu ki riƙe su tamkar ɗaya da kwarashi 5mm ko 5.5mm. Giram 100 zuwa 150 zai ishe ki. Ki saya gaba ɗaya rana ɗaya, in kika koma daga baya sai ki tarar kalar ta ɗan bambanta ko da sunan ɗaya ne.

Maman Biyu:
Anti ta gama magana wallahi. Abu ɗaya zan ƙara, kar ki ce namiji ne ki sayo baƙi ko shuɗi mai duhu, ba za ki ga ido ba sam musamman da daddare in an ɗauke wuta kina fama da fitilar waya. Fari kuma ƙurar hunturu kwana biyu ta mayar da shi wani abu. Ki nemi ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske. Sannan ki riƙa ƙirga idon kowane layi, in kin fara da 30 to kowane layi 30, don idon ƙarshe ɓuya yake yi a gefe, ana tsallake shi ba a sani ba sai ki ga saƙa tana tsukewa tana tafiya a karkace. Ni fil nake maƙalawa a idon farko da na ƙarshe, ko guntun zare mai wata kala.

Ta Jos:
Ni dai ban yarda a ce mai koyo ba za ta iya zagaye ba, da shi na fara kuma ya fi min sauri, ba juyawa ba ɗinki. Dabarar kawai kar ki haɗa sarƙa tana sarƙa. Ki fara yin layi ɗaya cikakke a miƙe, sannan ki shimfiɗa a tabarma ki tabbatar ko'ina gefe ɗaya yake kallo, sai ki haɗa, ɗan ramin da ya rage a ƙasa ki ɗinke da jelar zaren. Kuma abin da ya hana naki shiga kai sarƙar ce ta yi tsauri, masu koyo damƙe zare suke yi kamar za a ƙwace, sarƙa kuma ba ta buɗewa. Ki yi ta da kwarashin da ya fi girma, misali 6mm, sannan ki koma 5mm. Mu nan Jos a Disamba da Janairu ninki biyu muke yi, wajen santimita 120 zuwa 130 a naɗa sau biyu, amma na mai babur gara guda ɗaya mai kama wuya, ki ɗan ƙara masa tsayi yadda zai ja ya rufe hanci saboda ƙura.

'Yar Zazzau:
Allah ya saka da alheri, na gane yanzu. Zan fara da na Anti, in hannuna ya saba na gwada zagayen. Amma wani abu yana rikita ni, wata a bidiyo ta ce dobul sai na ga singil take yi, ko idona ne?

Anti Mai Kwarashi:
Ba idonki ba ne, 'yar Ingila kika kalla. Abin da 'yan Amurka suke ce wa singil su 'yan Ingila dobul suke ce masa, dobul ɗin Amurka kuma su tirebul. Ki kalli hannunta kawai, in ba ta naɗa zare kafin ta soka ba to singil ne ko me ta kira shi.

In kin zo ɗinkewa ki bar jelar zare mai tsawo, kamar kamu biyu, ki sa a babbar allura mai faɗin kafa ki bi ido da ido, kar ki ja da ƙarfi ya tattare. Guntayen zaren da suka rage kar ki yanke su daga gindi, ki cusa su cikin saƙar da allura gaba da baya sannan ki yanke, in ba haka ba wanki ɗaya zai fara warwarewa. Wankin ma ruwan sanyi, ki matse a hankali ba murɗawa, ki shimfiɗa a inuwa kar ki rataya a igiya zai zazzago. Kuma ki gaya wa maigida ulun kasuwa roba ce, ban da dutsen guga, in yana jin ɗumi a murhun mai shayi ma ya ɗan ja baya, narkewa yake yi. In kin kai layi goma ki turo hoto mu duba gefen.