Muhawara: wai da gaske cikar wata ne lokacin kamun kifi?

Tsohon Soja: Assalamu alaikum jama'a. Naji samarin nan suna ta shirin zuwa fatsa kogin Galma na nan Zariya, to shawarata ku dubi wata kafin ku fita. Kifi da wata yake tafiya. Daren sha huɗu zuwa sha shida shine lokaci, sai kuma tsayuwar sabon wata, wanda ya fita a sauran kwanakin wahala kawai zai sha. Na daɗe ina aiki a Fatakwal da Boni, a idona masuntan can basa tura kwale-kwale sai sun lissafa wata, kuma ruwa ai ruwa ne ko'ina.

Ɗan Galma: Wa'alaikumussalam. Baba da girmanka amma wallahi ban yarda da wannan magana ba. Su, wato kamun kifi, gadonmu ne, a bakin Galma aka haife ni, kuma mu daren farin wata shine daren da muke kwana a gida. In ka shimfiɗa ragar kalli a farin wata kifi na ganinsa tar sai ya kauce, da safe kazo ka ɗago raga fayau sai ciyawa. Duhu muke jira, musamman daren da hadari ya rufe sama.

Tsohon Soja: To yaro ni ƙarya zan maka? Abinda na gani da idona nake faɗa.

Ɗan Galma: A'a Baba Allah ya kiyaye in ce kayi ƙarya. Cewa nayi abinda ka gani can baya aiki a nan.

Malamin Samaru: Ku bari in shigo dan Allah, domin kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Kogunan can kudu inda Baba ya zauna, irin su kogin Boni da Forkados da Eskirabos da na Kalaba, bakinsu a buɗe yake ga teku. Wata yana jan ruwan teku, rana ma tana ja amma bata kai wata ba, shi yasa ruwa ke cikowa ya koma sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ja baya da wajen minti 50, wato in yau ruwa ya cika ƙarfe bakwai na safe gobe sai wajen takwas saura. A farkon wata da kuma sha huɗu sha biyar, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, jan ya haɗu, sai ruwa ya cika fiye da kullum kuma ya janye fiye da kullum. Wajen bakwai takwas ga wata da ashirin da biyu ashirin da uku kuma sai motsin yayi sanyi. Wannan duk haka yake. Amma Zariya muna sama da mita 600 daga doron teku, Galma ma Kaduna take faɗawa, Kaduna ta bi ta dam ɗin Shiroro kafin ta kai Neja, ta ina turin teku zai hauro mana? Ko Lakwaja baya zuwa balle Zariya.

Autan Gyallesu: Malam to watan da ke jan teku me zai hana shi jan Galma ko dam ɗin Kubanni? Ba wata ɗaya bane?

Malamin Samaru: Yana ja Auta, amma ruwan yayi kaɗan da har za a ga wani abu. Sai ruwa mai faɗin dubban kilomita irin teku ne jan ke taruwa ya zama cika da janyewa. Ka kafa sanda a bakin Kubanni daren sha huɗu ka kwana kana dubawa, bazaka ga ya hau ko da faɗin farce ba saboda wata.

Baban Khalifa Legas: Ina biye daku tun ɗazu. Ni a Legas nake zaune kuma harkar kifi nake, Epe nake saro kaya, ina kuma hulɗa da mutanen Makoko. Maganar Baba soja ko a nan ɗin ma ba haka kai tsaye take ba. Eh suna lissafin wata sosai, amma ba kowa ke son babban ruwa ba. Mai ragar da ake kafawa a bari, in ruwa yayi ƙarfi irin na tsakiyar wata sai ya nannaɗe masa raga ya cika ta da shara da leda da kainuwa, wani lokacin ma ya tafi da ita gaba ɗaya, shi yafi son kwanakin da ruwa ke tafiya a hankali. Wanda ke murna da babban ruwa shine mai tare bakin ƙaramin rafi, ruwa ya cika ya shiga cikin dazukan bakin ruwa kifi ya bishi neman abinci, sai su toshe bakin da raga ko shingen kara, in ruwa ya janye kifi ya rasa hanyar fita sai tsinta kawai. Mata masu tsintar ƙaguwa da dodon koɗi suma janyewar babban ruwa suke jira saboda taɓo yafi buɗewa. Kaga kenan ya danganta da irin sun da mutum yake yi.

Tsohon Soja: To ai kaji, wata dai ne.

Baban Khalifa Legas: Baba wata ne amma ba hasken sa ba, motsin ruwan ne. Mai ƙugiya a nan abinda yake tambaya shine ruwa na tafiya ko ya tsaya. In ya fara shigowa ko ya fara komawa, nan kifi ke cin ƙugiya, saboda ruwan na kwaso jatan lande da ƙananan kifi, manya su tsaya a kwana ko gindin gada suna jira. Da ruwa ya cika ya tsaya cik sai cin ya mutu, sai ya sake juyawa. In juyawar ta faɗo da asuba ko gab da magariba to ranar an dace. Har jadawali sojan ruwa ke fitarwa duk shekara na lokutan cika da janyewa a kowace tashar jirgi, yanzu ma a waya ake dubawa. Kuma girman abin ba ɗaya bane, a Legas wajen mita 1 ne, kana yin gabas yana ƙaruwa har Kalaba ya kusa mita 3, shi yasa mutanen da Baba ya gani suka fi na Legas tsananta lissafin.

Ɗan Galma: Yauwa Yaya Allah ya saka. Mu namu agogon ruwan sama ne. Bari in faɗa muku yadda shekara take a wajenmu. Farkon damina in sabon ruwa ya sauko ja wur, tarwaɗa na haurowa tana shiga fadama da ciyayi, lokacin ko yaro da homa, wato ragar hannu, sai ya kama. Watan Agusta ruwa yayi yawa kogi ya batse, kifi ya watsu cikin gonaki da fadamu, ga haɗari, kamu yayi wuya sai ɗan mali, wato tarkon kifi, da muke sawa da dusa a gefe. Lokaci na gaske shine in ruwa ya fara ja, daga Oktoba zuwa Disamba, kifi yaci ya ƙoshi yayi mai yana komowa cikin kogi, nan mai kalli da mai birgi (ragar jifa) da mai mari-mari (igiya mai jerin ƙugiyoyi) kowa ke samu. In hunturu ya kankama ruwa yayi sanyi kifi ya kwanta ƙasa baya cin tana da sassafe, sai rana ta ɗaga. Bazara kuma ruwa ya tsinke ya zama gurbi gurbi, kifi ya taru waje ɗaya, har gaiwa ana haƙowa cikin busasshen taɓo. Duk cikin wannan lissafi ina wata ya shigo in ba maganar haske da duhu ba?

Malamin Samaru: Ku duba Argungu ma. Tun 1934 ake bikin, kuma wajen Fabrairu zuwa Maris ake sawa, lokacin da ruwan kogin Matan Fada ya ja, bayan an hana kamun kifi a wurin tsawon shekara. Shi yasa ake fito da giwan ruwa irin waɗanda mutum ɗaya baya iya ɗagawa. Da rana tsaka ake faɗawa ruwa da gora da homa, babu mai duban sama.

Hajiya mai banda: Salamu alaikum, ni dai kasuwa na sani. A Sabon Gari bamu taɓa jin farashi ya sauka don wata ya cika ba. Amma kaka zuwa rani kaya na shigowa daga Yawuri da ɓangaren Baga da Hadeja har mu rasa wajen ajiya, damina kuwa banda tsada take kuma ga danshi ga ƙwari, sai kinyi ta sake mata wuta. Abu ɗaya da zan goyi bayan yaron nan Ɗan Galma, masu kawo mana ɗanye da safe in ana farin wata kwandonsu baya cika, su da kansu suke faɗa.

Baban Khalifa Legas: Hajiya nan ma yanayi na aiki, ba wata kaɗai ba. Da rani ruwan gishiri na turowa ciki sosai saboda koguna sun rage zuba, sai kifin teku ya shigo, bonga ma rani ne kakarsa. Da damina ruwan daɗi ya rinjaya, gishiri ya ja baya, sai kaga tarwaɗa da karfasa sun fi yawa ga kainuwa ta toshe hanya. Su lissafi biyu suke, na wata da na shekara, mu a gida na shekara ne kawai da duhun dare.

Tsohon Soja: Naji bayaninku kuma na gode, amma har yanzu zuciyata bata kwanta cewa wata bashi da komai a kifin ruwan daɗi ba. Halitta ce, tana jin abinda bamu ji. Tsofaffi da yawa na faɗa.

Malamin Samaru: Ranka ya daɗe ba a ce bashi da komai ba. Haske na canza yadda kifi ke kiwo da dare, mai farauta da ido irin tsage da giwan ruwa yafi gani, ƙanana su ɓuya, wanda ya kwana yana ci kuma da safe bazai kula ƙugiya ba. Abinda muka ƙi shine a ɗauko dokar Boni a ɗora wa Galma.

Kawu na Dakace: Ni duk wannan ba shine ya dame ni ba. Kuna ta wata wata, babu wanda yace wa yaran nan yanzu Yuni muke ciki. Duk tarwaɗar da kuka kama a sabon ruwan nan ku fasa cikinta ku gani, ƙwai ne dam. Haurowar da take ba yawo bane, wajen zuba ƙwai take nema a cikin ciyawa. Karfasa kuma uwar a baki take riƙe ƙwanta da 'ya'yanta, ka kama ɗaya ka kashe ɗaruruwa. Lokacin da kamu yafi sauƙi shine lokacin da yafi ɓarna, kuma wallahi abin na ci min rai. Da muna yara akwai gurbin da Sarkin ruwa ke hanawa sai ranar da ya buɗe, ba mai saka ƙafa, yau kuwa gidan sauro da aka raba don zazzaɓi shi ake ja a ruwa ana kwashe har wanda bai kai ɗan yatsa ba, wasu ma maganin ƙwari suke zubawa kifi ya taso a mace, mutane da shanu kuma su sha ruwan a ƙasa. Ramboshi da ɗan sarki da muke gani da, yaushe rabon ku dasu a nan?

Ɗan Galma: Kawu gaskiya ka faɗa, sai dai ka duba mana. Mai iyali in ka ce ya ajiye raga wata uku me zai ci? Damina ce, hatsi ya ƙare a rumbu, taki na jira. Ni bana zuba magani kuma bana jan gidan sauro, idon ragata yatsa uku ne, amma in na bar mai ƙwai na baya na zai kama ta.

Kawu na Dakace: Shi yasa ba aikin mutum ɗaya bane ɗana. Ba a ce a rufe kogi duka ba. A ware bakin fadamun da aka san nan take hawa, daga saukar sabon ruwa zuwa ƙarshen Agusta, kowa ya sani, mai unguwa ya sani, wanda ya karya a karɓe raga. Sauran wuri ayi su. Ku ne zaku ci ribar a Nuwamba ba ni ba.

Autan Gyallesu: To mu masu fatsa da ƙugiya ɗaya fa Kawu, muma mu haƙura?

Kawu na Dakace: Ƙugiya ɗaya bata ƙarar da kogi. Kuje da yamma liƙis ko bayan asuba, ku nemi tana ko ƙwaron shinge ku sa a ƙugiya, in kun ciro mai ƙaton ciki ku zare a hankali ku mayar. Kuma in anyi ruwa daren jiya kar ku shiga tsakiya, Galma na kawo ruwa daga sama ko nan ba a yi ɗigo ba.

Hajiya mai banda: Mu ma masu saye da namu laifin, in mun daina karɓar 'yan mitsi-mitsin nan ai ba mai wahalar kamo su. Ni daga yau ba a auna min su, amma sai sauran 'yan layinmu sun yarda, zan kai maganar wajen shugabar mu.

Ɗan Galma: Ni kuma Juma'a bayan masallaci muna zama da Sarkin ruwa kan rabon wuraren mali, zan tada zancen fadamun. Kawu in da hali kazo da kanka, maganar dattijo tafi tawa shiga, kuma kai ka san gurbin da ake hanawa da sunayensu.

Kawu na Dakace: In Allah ya kaimu zan zo. Ka turo yaro da mashin ya ɗauke ni, ƙafar tawa bata kai ni bakin kogi yanzu.