Gasar bilakjak karo na farko: ƙarama zan shiga ko babba?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zama a teburin gasa. Wata biyar ke nan ina koyon bilakjak a waya, wato wasan katin caca da ake neman kusantar 21 fiye da mai raba kati ba tare da an wuce ba, jadawalin nan na lokacin ƙara kati, lokacin tsayawa, ninka zubi da raba kati biyu, duk na haddace shi. Gidan cacar da nake zuwa yana da gasa biyu. Ɗaya duk daren Talata, dala 40, in an fitar da kai a zagayen farko kana iya sake biya ka koma. Ɗayar ƙarshen wata, dala 200, babu sake biya, amma kyautar da kauri. Dala 200 cif na ware, ba zan ƙara ko sisi ba. In je ƙaramar sau biyar ko babbar sau ɗaya? Sannan a hannuwan farko (kowane rabon kati hannu ɗaya ne), kaɗan ake zubawa ko da yawa? Ranar Juma'a ake rufe rajista.

Garba_21:
Wa alaikumus salam. Abu na farko dai kar ka wuce 21. In ka samu A biyu ko 8 biyu ka raba su, 10 biyu kuwa kar ka taɓa su.

Sabon_Hannu:
Na gode yaya, wannan na sani. Gasa nake tambaya.

Malam_Lissafi:
Ƙanena, jadawalin da ka haddace na yaƙi da mai raba kati ne, a gasa kuwa abokan hamayyarka su ne na gefenka. Kowa zai fara da adadi ɗaya na cip, 'yan kwabban roba da ake zubawa a madadin kuɗi, waɗanda ba su da wata daraja idan an fita daga gasar. Za a buga hannu ƙidayayye, yawanci 20 zuwa 30, mai tuli mafi yawa a teburin ya wuce, wani lokaci mutum biyu. Akwai wata 'yar alama da ke matsawa kujera ɗaya bayan kowane hannu, wanda take gabansa shi ke fara zubawa, na ƙarshe kuma ya ga na kowa kafin ya tura nasa. Tun daga hannun farko ka ƙirga inda za ta faɗa a hannun ƙarshe. In wani ya ƙare ya tashi, sake ƙirgawa.

Na_Daina:
Ɗana, zauna ka ji nawa. Ni ma da ƙaramar na fara, kuma da irin wannan magana taka ta "ba zan ƙara ko sisi ba".

Daren da ba na mantawa, mutum ɗaya ke wucewa daga kowane teburi. Muka zo hannun ƙarshe ina da 1,650, wata dattijuwa mai tabarau a gefena tana da 1,350, saura duk an bar su a baya. Iyakar zubi 500. Alamar ta faɗo kaina. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, na kasa ko ƙirga tulin da ke gabanta, zuciyata ta ce tsare abin da ka tara. Na tura 50. Ko kallona ba ta yi ba, ta turo 400. Na samu 19, ta samu 13, mai rabo yana nuna 6. Ta tsaya a kan 13 ɗinta. Mai rabo ya buɗe 10, ya ja 9, ya wuce 21, ya ƙone. Duka mun ci: ni 1,700, ita 1,750.

Na sake biya na koma da fushi, ko hannu goma ban kai ba cip ɗina suka ƙare. Hanyar fita kuma sai ka ratsa ta tsakiyar teburan kuɗi, inda ake caca da kuɗin gaske. Na ce bari in zauna minti goma in maido da kuɗin shiga. Ƙarfe huɗu na asuba na tashi, na je injin cire kuɗi sau uku, kuɗin hayar gida ya tafi. Daga nan ban sake bi ta kan gasa ba, kai tsaye teburin kuɗi nake wucewa, wata bakwai, har ranar da matata ta ga saƙon banki a wayata. Shekara uku ke nan da na bari, amma har yau in na shigo gida da dare sai ta dubi fuskata kafin ta amsa sallama. Gasar nan ƙugiya ce, su dai su shigo da kai ciki.

Malam_Lissafi:
Allah ya kiyaye gaba, baba. Amma don amfanin mai tambaya, hannun nan a tafinka yake. Ratar 300 ce, ta fi rabin iyakar zubi. Da 250 ka tura, in kun ci tare kana da 1,900, ita ko 500 ta zuba 1,850 ce. In kun faɗi tare kana da 1,400, ka fi ta. Mai rabo ɗaya ne, don haka sau da yawa teburi tare yake ci, tare yake faɗuwa.

Na_Daina:
Na ba ka labarin gidana kana ba ni lissafi. Da sauƙi a waya, malam. Zauna a kujerar, mutane a tsaye a bayanka, ka ga ko za ka tuna 300 ɗin.

Kwandala:
Ni dai dattijuwar nan nake nema ta koya min. Baba, ba ka karɓi lambarta ba? 😂

Anti_Ladi:
Kwandala, ba wurin wasa ba ne nan. Malam, lissafinka ma bai rufe ko'ina ba. In ta zuba 500 ta ninka ta ci, 2,350 ke nan. Na ga mutum ya ninka a kan 17 a hannun ƙarshe don ba shi da wata mafita, ya kuma ja 3. Ƙanena, dala 40 ta yi tsada ga gasar mako, ban taɓa biyan sama da 25 ba.

Garba_21:
25 a ina, anti? Tawa ta ƙarshe 100 ce, ga 10 na ma'aikata a kai.

Ɗan_Gayya:
Ni ban taɓa biyan ko kwabo ba. Gayyata gidajen cacar suke turo min, har da ɗakin kwana.

Na_Daina:
Ka duba abin da ka bari a teburansu kafin su fara gayyatarka. Ni ma sun turo min, a watan da na fi asara.

Sabon_Hannu:
Baba, labarinka ya shige ni ƙwarai. Zan bar katin banki a gida. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ƙarama ko babba.

Mai_Kallo:
Ka koyi ƙirga kati, wato lura da katunan da suka riga suka fito, shi ne sirrin. Tun 1962 Edward Thorp, malamin lissafi a Amurka, ya nuna ana iya cin gidan caca da shi. Ka kuma nemi tsofaffin bidiyon gasar Ultimate Blackjack Tour da tashar talabijin ta CBS ta Amurka ta fara nunawa a 2006. Hannu 30 ne, bayan na 8, na 16 da na 25 ana korar mai ƙaramin tuli, ga zubin sirri da ba wanda zai gani. Na kalle su duka, a nan za ka ga dole ka buga da ƙarfi tun farko.

Anti_Ladi:
Ka kalla, amma ka taɓa zama? Ƙirgan kati a dubban hannuwa yake biya, ba a 25 ba. Abin da ake ƙirgawa a gasa cip ɗin maƙwabcinka ne. Shi ya sa dokar gasa ta ce kowa ya jera nasa launi-launi a fili, kuma zubi da motsi ɗaya ake yi, in ka tura ba ƙari. Ni kaɗan nake zubawa har a yi ƙidayar cip da ake yi kafin hannuwan ƙarshe, sannan in ga wa zan bi in kamo.

Mai_Kallo:
To gasa nawa kika ci da wannan laƙaƙi-laƙaƙin?

Anti_Ladi:
Sau biyu na kai teburin ƙarshe. Kai fa?

Kwandala:
Shi kullum a teburin ƙarshe yake, da rimot a hannu.

Abu_Hafsat:
Cikin ku duka mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, shi ne wanda ya daina. Caca caca ce, ko an kira ta gasa. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka.

Garba_21:
Ni abin da ya fi ƙona min rai ma ba gasa ba ne. Ku dubi rubutun da ke kan teburan kuɗi yanzu. A da, 3 ga 2 ake biyan bilakjak, wato 21 da katinka biyu na farko, ka zuba 10 a ba ka 15. Yanzu 6 ga 5, ka zuba 10 a ba ka 12. Rannan na samu A da sarki, na ga an turo min 12, na ce an yi kuskure, mai rabo ya nuna min rubutun da yatsa.

Malam_Lissafi:
Wannan canji kaɗai yana ƙara wa gidan caca ribar kusan kashi 1.4 cikin ɗari. Wasan da ribarsu ke wajen rabin kashi ɗaya ya doshi kashi 2. A Las Vegas da teburan kati fakiti ɗaya aka fara shi, don mutane su ga fakiti ɗaya, wanda aka san ya fi sauƙi ga ɗan wasa, su ruga.

Ɗan_Gayya:
Ga kuma injin gauraya kati da ba ya tsayawa. Da mutum yana samun numfashi in ana gauraya da hannu.

Sabon_Hannu:
'Yan'uwa, jibi Juma'a fa.

Anti_Ladi:
Nemi takardar dokokin gasar ka duba nawa suke biyan bilakjak, wasu gasannin 2 ga 1 ne, kuma yana canza lissafin hannun ƙarshe. Garba, teburin da aka ba ka 12 ɗin, fakiti nawa ne? Don ni har a na fakiti shida na fara ganinsa.