Muhawara: yawan ambato ne ma'aunin masanin katalis?

Farfesa: Assalamu alaikum. Ana ta cewa a fannin katalis, wato sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu ba tare da sun ƙare ba, wanda ya fi maƙaloli da yawan ambato, wato yadda wasu masana ke kafa hujja da aikinsa a nasu rubutun, shi ya fi ƙwarewa. Ni ina bayan wannan magana. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 a fili yake: in mutum na da 20, to yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce sau 20 ko fiye. Wanda bai san ka ba a Indiya ko Jamus ba zai yi ta kafa hujja da aikinka a banza ba. Kuma kwamitin ƙarin girma ba zai iya karanta maƙala sittin ba, dole a sami abin ƙirgawa.

Dakta, ɓangaren man biodizel: Allah shi gafarta Malam, ambato na nuna an gani, ba ya nuna katalis ɗin na aiki. Mu ɗauki abin da ɗalibanmu na Sakkwato sunka fi yi wajen haɗa biodizel, wato man dizel da ake yi daga man tsirrai. A toya ɓawon ƙwai ko farar ƙasa irin ta Kalambaina a digiri 800 zuwa 900 a sami garin CaO (kalsiyam oksaid), wanda shi ne katalis ɗin, a zuba kashi 3 cikin 100 na nauyin mai, metanol 12 ga mai 1 a lissafin mol, wato yawan ƙwayoyin sinadari, a riƙe zafi wajen digiri 60 zuwa 65 tunda metanol na tafasa kusa da nan. Sai a rubuta sakamako mai kyau. To amma CaO na shan laima da iskar CO2 da zarar an bar shi a buɗe, sai ya mutu. Wani ɓangarensa kuma na narkewa cikin metanol, shi ka yin aikin, ba garin da ake gani ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tace garin da zafinsa a tsakiyar aiki, in haɗuwar ta ci gaba to katalis ɗin ya zube. Ƙa'idar EN 14214 ta Turai na neman esta, wato ainihin biodizel ɗin, ya kai kashi 96.5 cikin 100, kalsiyam da magneziyam kuma kada su wuce miligiram 5 a kilo. Maƙalar da ba ta yi wannan gwaji ba tana iya tara ambato ɗari, don kowa na neman abin da zai jera a gabatarwa.

Malama: Gaskiya ne Dakta. Ga kuma man dogon yaro, mai yawan asid: in ba a rage asid ɗin tukuna ba, sabulu za a samu. Haka masu katalis mai aiki da haske, da yawa dusashewar launin wani shuɗin rini, methylene blue, kawai suke aunawa. In ba a bar ruwan a duhu ya daidaita kafin kunna fitila ba, ta yiwu garin ne ya tsotse launin, ba ya wargaza shi ba.

Farfesa: Na ji ku. Sai dai aikin banza ba ya daɗewa, ambatonsa na tsayawa bayan shekara kaɗan.

Dakta: Ambaton na tsayawa, ranka shi daɗe, amma ma'aunin h ba ya sauka. A 2003 an wallafa cewa an yi haɗin Suzuki, wani haɗin sinadarai da aka san yana buƙatar ƙarfen faladiyam a matsayin katalis, ba tare da faladiyam ba, a 2005 masu aikin da kansu sunka gano ɗigon faladiyam ne a cikin sodiyam kabonet ɗin da sunka yi amfani da shi, har kashi 50 cikin biliyan ya isa. Wanda ya ambaci maƙalar farko don ya gyara ta, ƙirga ɗaya ce da wanda ya yabe ta.

Ɗalibin digiri na uku: Malamaina, a gafarce ni, wanne za a ƙirga ma? A cikin rumbunan ƙirga ambato, Google Scholar na haɗa kundin ɗalibai, Scopus na ba da ƙasa da haka. Maƙalar bita kuma, mai tattara ayyukan wasu, ta fi ta ɗakin gwaji jan ambato.

Malama: Tambayarka na kan hanya. Shi ya sa sanarwar DORA ta 2012, wadda masana da editocin mujallu suka fitar kan yadda za a auna bincike, ta ce kada a auna mutum da darajar mujallar da ya wallafa a ciki. Ni a ganina ɗan takara ya zaɓi maƙala biyar, a duba ko ya faɗi yawan juyin da kowane gurbin katalis ke yi a awa, ko ya yi gwajin da babu katalis, ko ya sake amfani da garin sau biyar ya auna abin da ya zube.

Farfesa: Na yarda da biyar ɗin, amma a ajiye ƙirgar Scopus a gefe, bayan an cire ambaton kai. Dakta, ka rubuto mana gwaje-gwajen nan a shafi ɗaya kafin Alhamis.