Neman shawara kan bargon haɗe-haɗe da ke yamutsewa a keke

Assalamu alaikum, ma'abota sana'ar ɗinki. Ina haɗa bargo da guntayen atamfa da shadda waɗanda nake samu a wurin teloli, na sa auduga a tsakiya, farin yadi kuma a baya. Da zarar na ɗora su a kan keke, sai ƙyallen sama ya riƙa zamewa, na ƙasa kuma ya yamutse, musamman inda shadda mai santsi ta haɗu da atamfa. Na wanke ƙyallayen, na goge su, na sassauta zare, amma abin bai gyaru ba. Don Allah, in na fara kama su da ɗinkin hannu daga tsakiya zai wadatar, ko sai na canza ƙafar keken?