Kaurin sandar pul: wanne ya zauna muku a hannu?

Mai tambaya, daga Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina buga pul, wasan da mu a nan muke haɗa shi da danginsa mu kira su duka sinuka, kuma duk tsawon wannan lokaci da sandar gida nake bugawa, wadda ake jinginewa a bango kowa ya ɗauka. Yanzu na tara abin da zan sayi tawa, mai gaɓa biyu da ake ɗaurawa a tsakiya, sai mai sayarwa ya jero mini kaurin baki har huɗu: milimita 11.75, da 12.4, da 12.75, da 13. Na tambaye shi wacce ta fi, ya ce duk wadda na fi so, alhali kuwa abin da na zo tambaya ke nan. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sauya kauri da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Tsohon ɗan sinuka, daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin a zo kan sanda, ka fara auna ƙwallon da kake bugawa, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ƙwallon sinuka na ainihi milimita 52.5 ne, shi ya sa bakin sandarsa yake tsayawa tsakanin 9 da 10. Na pul ɗin Ingila, mai ja da ruwan ɗorawa, inci 2 ne, bakin sandarsa kuma 8 zuwa 9. Na Amurka shi ne babban yaya, inci biyu da kwata, wato milimita 57.15, nauyinsa yana kai wa giram 170. Lambobin da aka jero maka duka na wannan na ƙarshe ne. Kada ganin lamba a jikin ƙwallo ya sa ka ɗauka na Amurka ne, akwai tebura da yawa da ƙwallayensu ke da lamba amma ƙanana ne, kuma idan irinsu ne a wurinku, sanda mai 13 za ta rufe maka rabin farin ƙwallo ka kasa ganin inda kake taɓawa.

Ni akasin haka ya same ni. Na shafe fiye da shekara ashirin da sandar sinuka mai 9.5, mai zoben tagulla a baki, da na koma teburin Amurka sai girman kai ya hana ni ajiye ta. A bugun kusa ba ta ba ni kunya ba, amma na riƙa yin bugun buɗe wasa da ita, inda mutum yake sakin ƙarfinsa duka a kan ƙwallo goma sha biyar. Ban cika mako uku ba na ga wani siririn layi kamar zare ya sauko daga ƙarƙashin zoben, washegari kuma sautinta ya koma na fasasshiyar ƙwarya. Yau ina riƙe da mai 12, domin idon da ya saba da siririn baki ba ya yarda da 13, ko da an yi masa magiya.

Ɗalibi mazaunin Amurka

Baba ya faɗi tushen maganar, ni kuwa zan ɗora da abin da ya ci mini kuɗi. Na fara da 13, na sauka zuwa 11.75 saboda an ce mini siririyar sanda ta fi ba ƙwallo juyi, na yi wata shida da ita, daga bisani na tsaya a 12.4. Abin da na fahimta a wata shidan nan shi ne, juyin da farin ƙwallo yake samu ya dogara ne da nisan inda fatar da ke bakin sanda ta taɓa shi daga tsakiyarsa, kuma iyakar wannan nisa kusan ɗaya ce ga kowace sanda, wato wajen rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe. Idan ka wuce nan fatar za ta zame, ko da ka ƙarar da alli a kanta.

Amfanin siririyar sanda a wani wuri yake. Idan ka bugi farin a gefen dama, yakan ɗan kauce hagu daga layin da ka saita, kuma yawan kaucewar ya danganta da nauyin 'yan incin ƙarshe na sandar. Baki mara nauyi yana lanƙwasawa ya ba ƙwallo hanya, mai nauyi kuwa ture shi yake yi. Dalili ke nan da kamfanoni irin su Predator suke rarake cikin bakin sanda, har ka samu sandarsu da ake kira 314, mai kaurin 12.75, tana kaucewa ƙasa da wata siririya wadda katako ne zalla. Saboda haka lambar kauri ita kaɗai ba ta gaya maka komai a kan wannan. Abin da ya kore ni daga 11.75 bai shafi lissafi ba. Hannuna na baya yana ɗan rawa idan wasa ya yi zafi, kuma da ita na kasa samun natsuwar da nake samu idan ina son in daki tsakiya cif a bugu mai nisa.

Makaniki, daga Zariya

Malam, ba wanda ya ambaci hannun da sandar take zamewa a kai. Yatsuna masu kauri ne, kuma ina zagaye sanda da manuniya maimakon in ɗora ta a buɗe kan babban yatsa. Siririya takan yi mini wasa a cikin zagayen kamar ƙusa a ramin da ya fi ta, shi ya sa na tsaya a 12.9. Ka kuma tambayi yadda aka fiƙe ta. Akwai wadda kaurinta yake tafiya kusan daidai daga baki har wajen inci goma sha biyu kafin ya fara ƙaruwa, akwai kuma wadda take ƙara kauri tun daga baki irin na sandar sinuka. Sanda biyu masu 12.5 za su iya bambanta a hannu kamar ba abu ɗaya aka auna ba. Da damina gumi yakan sa katako ya riƙa kama fata, mai kauri kuma ta fi kamawa, don haka nake sa safar hannu mai yatsu uku.

Wani ɗan'uwa, daga Jos

Tawa gargaɗi ce. Na sayi mai 13, na ga ta yi mini yawa, sai na naɗe ta da samfefa ina gogewa kowane dare ina ganin wayo na yi. Da na kai ta aka auna mini da ma'aunin makanikai, sai aka samu 12.3 ta wani gefe, 12.6 ta wani, wato ta tashi daga da'ira ta koma siffar ƙwai. Ga shi na cire abin da ke kare katakon, da hunturu ya shigo ta bushe ta karkace, idan na mirgina ta a kan tebur bakinta sai ya riƙa ɗagawa yana sauka. Mai son ragewa ya kai wa wanda ke da injin juya katako, kuma ya rage kaɗan kaɗan, tunda abin da aka kankare ba ya komawa.

Tsohon ɗan sinuka, daga Kano

Ɗalibinmu na Amurka, ban musa lissafinka ba, amma ina da ja a wuri ɗaya. Idan farin ya manne da bangon tebur, ko wani ƙwallo ya tsaya a gabansa har ya zama ɗan gefe kaɗai ya rage maka, siririn baki yana shiga inda mai kauri ba zai shiga ba. Wannan da idona na gan shi sau ba adadi. Dokar hukumar pul ta duniya, WPA, ta taƙaita kaurin baki a milimita 14 ne kawai, ba ta yanka mafi ƙanƙanta ba, saboda haka fili a buɗe yake.

Mai tambaya, daga Kaduna

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Jiya na ari ma'auni na je wurin da muke wasa, ƙwallayenmu na Amurka ne, sandar gidan da na fi ɗauka kuma ashe ba 13 ba ce, goge-goge ya cinye ta ta dawo 12.6 ban sani ba. Wani abokin wasa ya ara mini tasa mai 12.4 na yi wasa biyar da ita, kuma ban ji baƙunta ba sai a bugun buɗewa. Na yanke shawarar ɗaukar 12.4 mai nauyin oza 19, in bar wa sandar gida aikin buɗe wasa. Malam na Zariya, safar nan da kake sa wa, ana samun ta hannun dama, ko kuwa duk iri ɗaya ake ɗinka su? Ni bahago ne, hannun dama nake kafawa a tebur.