Neman shawara: Na kai koke a kan kwana ni kaɗai a ɗakin marasa lafiya, an mayar mini da takardar tuhuma

Mai neman shawara (ta nemi a sakaya sunanta):

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Ni nas ce a wani babban asibitin gwamnatin jiha, shekarata shida da kama aiki, kuma a ɗakin kwanciya na mata nake. Ɗakin yana da gado 32. Tun da abokan aikinmu biyu suka tafi, ɗaya Saudiyya ɗaya Ingila, ba a kawo madadinsu ba, sai ya zama mutum ɗaya ce take kwana a kan ɗakin gaba ɗaya, daga takwas na dare zuwa takwas na safe.

Makonni uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta kuma ba a tada janareta ba. Na cije wayata a baki ina haska hannun wata baiwar Allah da gudawa ta galabaitar, ina laluben jijiya domin in sa mata ƙarin ruwa, sai na ji faɗuwar mutum daga can ƙarshen ɗaki. Wata tsohuwa ce ta yunƙura za ta zaga, ta zame, goshinta ya fashe. Allah ya taƙaita, ɗinki uku aka yi mata, amma da gari ya waye 'ya'yanta a kaina suka sauke fushinsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan haka na rubuta takardar koke a kan ƙarancin ma'aikata da kuɗin aikin dare da muke bi bashi, mu goma sha ɗaya muka sa hannu, na kai ofishin shugaban asibiti da kaina, na kuma ba shugaban reshenmu na NANNM, wato ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, kwafi. Jiya aka miƙo mini takardar tuhuma, wai in yi bayani cikin kwana uku a kan sakaci da aiki da kuma tunzura ma'aikata. Huɗu daga cikin waɗanda suka sa hannu sun ce in cire sunayensu, kuma ina jin ƙishin-ƙishin cewa za a tura ni wani asibitin ƙauye mai nisa da iyalina. Shugaban reshe abin da ya ce mini kawai shi ne in yi haƙuri, za su duba. Maigidana yana ganin in janye koken in ba da haƙuri. Ni kuwa zuciyata ta ƙi, domin kowane wata ana cire mini kuɗin ƙungiya daga albashi. Shin in janye ne, ko in ci gaba? Idan zan ci gaba, ta wace hanya?

Amsa daga wata tsohuwar shugabar nas-nas da ta yi ritaya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin maganar janyewa ko ci gaba, ki amsa takardar nan a cikin wa'adin da aka ba ki, ko da kuwa za ki kwana kina rubutu. Na ga mutane da yawa da gaskiya take hannunsu, amma suka yi fushi suka ƙi amsawa, sai aka bar laifin farko aka kama su da na ƙin bin umarni, wanda shi ba ya buƙatar shaida.

Ki rubuta amsar a kan abin da ya faru kawai: ranar, lokacin da aka ɗauke wuta, yawan marasa lafiyar da ke kwance, sunan da ke cikin jadawalin aiki na wannan daren, abin da kike yi lokacin da tsohuwar ta faɗi, da matakin da kika ɗauka daga nan har zuwan likita. Kada ki sa kalmar zalunci, kada ki ambaci kuɗin aikin dare, kada kuma ki rubuta cewa kin yi kuskure domin a ji tausayinki, saboda wannan jimla guda za ta zauna a fayil ɗinki har ranar da za a zauna a kan ƙarin girmanki. Ladabi daban, amsa laifin da ba ki yi ba daban. Ki nemi kwafin jadawalin watan da na shafin littafin rahoton dare tun yau, domin irin waɗannan takardu suna da ƙafa, idan rigima ta taso sai a neme su a rasa. Idan kin kai amsar, ki tafi da kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki.

Inda nake ganin kin yi gaggawa shi ne da kika ɗauki koken da hannunki, sunanki a sama. Da reshe ne ya rubuta a kan takardarsa mai tambari, da babu wanda za a nuna da yatsa. Amma aikin gama ya gama, kuma janyewa yanzu ba za ta goge takardar tuhumar ba, sai dai ta bar ki ba koke ba kariya.

Amsa daga wani sakataren reshen ƙungiya a asibitin gwamnatin tarayya:

Mama ta gama magana a kan takardar, ni zan taɓa ɓangaren ƙungiya. 'Yar'uwa, zargin tunzura ma'aikata shi ne mafi rauni a cikin biyun. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin haɗuwa da wasu domin kare muradunsa, har ya ambaci ƙungiyar ƙwadago da sunanta. Ba ku ajiye aiki ba, ba ku rufe ƙofa ba, takarda kuka rubuta wa shugabanku. Abin da doka ta tsaurara a kai shi ne yajin aiki: Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago ta wajabta wa masu aiki irin namu, wanda rayuka suka rataya a kansa, su ba da sanarwar kwana 15, kuma sashe na 43 nata shi ne gwamnati take kafa hujja da shi idan ta ce ba aiki ba albashi. Saboda haka idan wani ya ba ku shawarar ku ƙaurace wa aikin dare domin nuna fushi, kada ku saurare shi.

Game da shugaban reshenku, maganar baki ba ta ɗaure shugaban ƙungiya. Ki rubuta masa a hukumance cewa kina neman reshe ya wakilce ki, ki haɗa da kwafin tuhumar da amsarki, sannan ki aika kwafi ga majalisar NANNM ta jiharku. Ba zan ɓoye miki ba, shugaban reshe ma'aikaci ne a ƙarƙashin wannan shugaban asibitin, shi ma yana jiran ƙarin girma, kuma wani lokaci wannan yakan sanyaya masa gwiwa. Shugabannin jiha ba sa cikin wannan matsi, kuma da hukumar kula da asibitoci da kwamishina suke zama. Idan aka kira ki gaban kwamitin ladabtarwa, ki nemi wakilin ƙungiya ya shiga tare da ke.

Kuma ki sani koken naku ba sabon abu ba ne. Lokacin da ƙungiyarmu ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai a ƙarshen watan Yulin 2025, wanda aka janye ranar 2 ga Agusta bayan zama da gwamnatin tarayya, ɗaukar ƙarin ma'aikata da gyaran alawus na aikin karɓa-karɓa suna cikin manyan buƙatu, tare da neman a buga tsarin aikin nas-nas da aka amince da shi a Minna tun 2016 a cikin jaridar gwamnati. Sai dai ga inda gizo yake saƙar: abin da aka cimma a Abuja ba ya hawa kan gwamnatin jiha kai tsaye. Ko tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS sai jiha ta amince ta aiwatar, wata ta biya cikakke, wata ta biya wani kaso. Shi ya sa bashin kuɗin aikin darenku magana ce ta majalisar ƙungiya ta jiha, ba wadda nas guda za ta ɗauka a kanta ba. Idan abin ya kai ga dakatarwa ko kora ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumi, kuma tana zama a Kano da Kaduna da wasu biranen, amma ba mu kai can ba tukuna.

Amsa daga wani nas matashi:

Da izinin manya, ni ra'ayina ya bambanta. Yaya, ki amsa tuhumar kamar yadda aka ce, amma kada ki kashe ƙuruciyarki kina jiran ƙungiya. Mun ga yajin aiki, mun ga sa hannu a kan yarjejeniya, mun kuma ga yadda ake komawa gidan jiya. A farkon 2024 magatakardan majalisar da ke ba mu lasisi da kansa ya ce nas-nas fiye da dubu 42 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, kuma maimakon a tambayi dalilin tafiyarsu, sai aka fito da sharaɗin sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu, har abokan aikinmu suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ke kina da shekara shida. Abin da ya fi miki muhimmanci shi ne fayil mai tsabta, domin duk inda za ki je sai an nemi shaidar halinki daga wurin aikinki. Ki lallaba ki fita daga wannan rigima, ki fara haɗa takardunki.

Amsa daga wata ungozoma:

Ƙanena, ba kowa ne zai iya tafiya ba. Mace mai aure da 'ya'ya da iyaye tsofaffi ba ta ɗaukar jaka haka kawai, kuma ko ta tafi, wata ce za ta kwana ita kaɗai a kan gado 32 ɗin nan. Sannan fayil mai tsabta da kake magana a kai, ba da haƙuri a kan sakacin da ba ta yi ba shi ne zai fara ɓata shi.

'Yar'uwa, gargaɗina ɗaya ne. Kada zafin rai ya sa ki ɗora hoton ɗakin, ko na tsohuwar, ko na takardar tuhumar a Facebook ko WhatsApp. Da zarar fuskar mara lafiya ko sunanta ya fita ta hannunki, magana ta tashi daga ƙarancin ma'aikata ta koma tona sirrin majinyaci, kuma wannan lasisinki yake taɓawa, ƙungiya ma ba za ta iya tsaya miki ba. Waɗanda suka janye kuma ki ƙyale su ba tare da gaba ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Bakwai ɗin da suka rage sun isa.

Abin da ya taimake mu a ɗakin haihuwa shi ne, duk daren da aka bar mutum ɗaya, sai ta rubuta a littafin rahoto, da lokaci, cewa ta sanar da mai kula da aikin dare cewa ita kaɗai ce a kan majinyata kaza. Bayan wata biyu littafin da kansa ya zama koke, kuma babu wanda ya isa ya ce an tunzura shi.

Amsa daga wani jami'in mulki a ma'aikatar lafiya:

Ni ba nas ba ne, amma irin waɗannan fayiloli ta teburina suke wucewa, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Shugaban asibitin jiha ba shi da ikon ɗaukar nas ko guda. Hukuma ce take ɗauka, ita ma sai gwamna ya amince. Sau da yawa shi kansa ya rubuta ya gaji. Abin da ya firgita shi a takardarku, a ganina, shi ne ta zo daidai lokacin da dangin majinyaciya suke ƙorafi, sai ya ga idan bai ɗora wa wani ba, a kansa za ta faɗo. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin hakan zai amfane ki. Idan wakilan ƙungiya suka je masa da cewa sun zo ne su ƙarfafa buƙatarsa ta ƙarin ma'aikata a gaban hukuma, kun ba shi ƙofar fita, kuma galibi a nan ake rufe irin wannan tuhuma da ɗan gargaɗin baki ko ma ba komai.

Maganar canjin wurin aiki kuwa, Hajiya, gaskiya ɗaya ce: gwamnati tana da ikon tura ma'aikacinta duk inda ta ga dama a cikin jiha, kuma da wuya a tabbatar cewa ramuwa ce. Idan takardar ta fito, kada ki ƙi zuwa, domin ƙin kama aiki babban laifi ne da kan kai ga tsayar da albashi. Ki je ki kama aiki, sannan ki ɗaukaka ƙara a rubuce ta hannun ƙungiya, ki jera kwanan watan koke, da na tuhuma, da na canjin, ki bar masu karatu su haɗa lissafin da kansu.

Mai neman shawara ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama, na bi tsarinki, shafi ɗaya da rabi amsar ta kama, kuma an buga mini hatimi a kan kwafina da safiyar yau. Jadawalin na samu, amma shafin littafin rahoton an ce yana ofishin shugabar nas-nas, sai dai Allah ya sa na ɗauki hotonsa tun a daren da abin ya faru, kuma ban tura wa kowa ba. Na karanta wa maigidana bayanin jami'in mulki, ya ɗan sassauta, ya ce in ci gaba muddin ƙungiya ce a gaba ba ni ba. Malam sakatare, na rubuta wasiƙar neman wakilci, amma ina da tambaya kafin in miƙa: kwafin majalisar ƙungiya ta jiha, ta hannun shugaban reshe ya kamata ya bi, ko zan iya kai shi sakatariya da kaina ba tare da an ce na tsallake shi ba? Gobe ina aikin dare, jibi da safe nake son in kai.